Ranar Awon Marayu

Allurar sikeli ta tsaya, shugabarmu ta tafa. "Bravo! Yarinyar nan ta murmure."

An turo mu Zongo ne mu duba ko garin kunun da gwamnati ke ba marayu yana amfani. Tunda yarinyar ta yi ƙiba, za a cire ta daga jerin masu karɓa a sa wata, alhali buhun garin nan ne ke riƙe da gidansu.

"Madam, a sake aunawa," in ji kakarta. "Rigar ce mai nauyi."

Muka sake, allurar ba ta sauya ba.

Ina ɗaure sikelin a bayan moto, babur ɗinmu, na ji yarinyar, riƙe da zanen tsohuwar, tana cewa a hankali, "Kaka, yi haƙuri. Ba zan ƙara ƙoshi ba."