Ƙwallon Pesh a Firigon Inna

Babana direba ne, shi ya zo da ƙwallon wani ɗan itace daga Aljeriya, wai shi pesh. An ce ba ya tsira sai ya sha sanyi, sai Baba ya binne shi a gwangwanin jiƙaƙƙen yashi, ya sa a firigon da Inna ke sanyaya ruwan sayarwa. Masu lambun unguwar Gamkalle suka yi ta masa dariya.

Wata la'asar ya buɗe gwangwanin a gabanmu. Ga tsiro fari, siriri, tsaye kamar alifi a allo.

Inna ta ce, "Malam, don wannan ɗan abin ka tare mini wuri?"

Baba ya ce alhamdu lillahi, ya dube ni. "Ruga lambu, kirawo mini masu dariyar nan."

Har yau ban yi gudun da ya kai wannan daɗi ba.