Mashayar da Ba Kowa Ya Sani Ba

Ruwan sama ne ya koro Wilf Ackroyd cikin wani ƙauye, takalmansa sun jiƙe sharkaf, zuciyarsa kuma a dagule. Gobe ƙungiyar masoya giyar ganga ta yankin Yorkshire za ta zaɓi shugaba, kuma Wilf ya cika baki a gaban kowa cewa zai gano mashayar da abokin takararsa Norman bai taɓa takawa ba. Matsalar ita ce Norman, ɗan banzan yawo, ya sha a ko'ina.

Sai ga wata ƙofa a buɗe, babu allo, babu suna. Ƙamshin giya ya daki hancinsa. Ya faɗa ciki.

Kai, wuri ya yi wuri! Ba kiɗa, ba talabijin, mutane tsaf cikin baƙaƙen kwat suna magana ƙasa-ƙasa. Ga doguwar kanta ta katako mai sheƙi, furanni a kai, gangar giya a gefe. Har da mariƙan tagulla a jikinta. Wilf ya rataye hularsa a ɗaya, ya kafa gwiwar hannu.

Wata dattijuwa ta tsiyayo masa giya a kofi. Ya ɗaga shi ga haske, ya shinshina, ya kurɓa. Ba sanyin firji, ba iskar kwalba, giya ce mai rai. Daɗi ya kusa sa shi kuka.

"Iya, wa ya dafa wannan?"

"Mijina Arnold," in ji ta. "Ita ce gangarsa ta ƙarshe."

"To ki ce masa ya daina lalaci, ya tashi ya dafa wata!"

Matar ta fashe da kuka. Wilf ya gyaɗa kai. Yabo yakan yi wa mutanen ƙauye yawa. Ya ciro kuɗi, ta ture hannunsa. Nan take ya buga wa Norman waya: "Zo ka ga inda mazan gaske ke sha, ka kawo hular shugabanci."

Kafin Norman ya iso, Wilf ya shanye kofi na uku. Ya bubbuga kantar da ƙarfi. "A ƙaro! Wai ina mai gidan ne? Ya fito mu gaisa mana!"

Kowa ya juyo ya dube shi.

Norman ya shigo, ya dubi jama'a, ya dubi kantar, ya cire hularsa a hankali. Wilf ya washe baki. Ya ci zaɓe, ko makaho ya gani.

Sai wasu ƙarti shida suka matso, kowa ya kama mariƙi ɗaya na kantar. Babbansu ya miƙa wa Wilf hularsa, ya ce, "Malam, ɗauke kofinka daga kan akwatin gawar Arnold, ana jiranmu a maƙabarta."