Littattafai Hamsin da Littafin Kawu

Kin ce shekara ta zo gangara, adadin littattafan da kika ɗaukar wa kanki bai cika ba, shi ya sa kike so in zaɓo miki sirara, irin waɗanda ake gamawa a zama ɗaya. Zan zaɓo miki, akwai masu kyau a cikinsu. Amma zauna tukuna, in ba ki wani misali.

An yi wata mata mai ɗinki a wani gari na bakin layin dogo. Kawunta ne ya riƙe ta tun tana ƙarama bayan rasuwar mahaifiyarta, shi ya koya mata haɗa baƙi, shi ya sa mata son karatu. Uwata yake kiranta, don sunan mahaifiyarsa aka sa mata. Da tsufa ya zo masa sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da shi, hannu ya daina riƙe littafi, kai ya daina jure kallon rubutu. Ta ɗauko shi ta dawo da shi gidanta. A cikin 'yan kayansa akwai wani littafi mai kauri da ya saya tun yana aikin jirgin ƙasa, yana ta cewa sai ya huta zai karanta. Labarin wani falke ne da ya bar matarsa da ciki ya tafi fatauci, 'yan fashi suka tare ayarinsu a daji. Kullum bayan la'asar sai ta rufe keken ɗinki, ta jawo kujera gefen gadonsa, ta karanta masa. Karatun ba ya sauri. Da an ambaci wani gari sai tsohon ya tsayar da ita ya ce ya san wurin, ya ba ta labarin kasuwarsa da ɗanɗanon ruwan rijiyarsa. Wani lokaci ya ce a maimaita, wani lokaci barci ya ɗauke shi a tsakiyar shafi, sai ta sa tsinken tsintsiya inda suka tsaya ta rufe.

A wannan shekarar ta shiga wani zauren masu karanta littattafai a waya, inda kowa ya yi alkawarin karanta hamsin kafin shekara ta ƙare, ana kuma jera sunaye a ga wanda ke gaba. Ita ba mai son a sani ba ce, amma ba wanda ke son ya ga sunansa a ƙasa. Da damina ta wuce ta duba, ta ga an yi mata nisa. Wata ƙawarta ta ce mata ai abin da sauƙi, ta ajiye manya ta nemi ƙanana, har ta turo mata sunayensu. Matsalar ita ce, tsakanin ɗinki da girki da hidimar yara ba ta da wani lokaci nata sai wannan na bayan la'asar. Sai ta ba ƙananan littattafan wannan lokacin. Ba ta yi sakaci da kawun ba ta wajen abinci ko magani, shimfiɗarsa ma kullum tsaf take. Kujerar ce kawai aka daina jawowa. Shi kuwa bai yi ƙorafi ba. Sau ɗaya ne, tana ba shi kunu, ya dube ta ya ce, "Uwata, shin falken nan ya koma gida kuwa?" Ta ce, "Kawu, saura kaɗan in cika adadin nan, sai mu zauna mu gama shi gaba ɗaya." Ya ce, "To, Allah ya kai mu."

Ta cika hamsin ɗin kuwa, har da 'yan kwanaki a gaba. Aka yi ta yi mata barka a waya. Washegari ta ɗauko littafin mai kauri ta shiga ɗakin da murnarta, sai ta tarar jikin ya rikice, harshe ya yi nauyi, ido yana kallonta amma bai gane ta ba. Aka kai shi asibiti. Can ma ta zauna gefen gadon ta buɗe daga inda tsinken yake, tana karantawa, amma mai sauraron ya riga ya yi nisa. Bai ƙara magana ba har Allah ya karɓi abinsa.

Bayan masu ta'aziyya sun watse, wata la'asar ta shiga ɗakinsa ta zauna a kan kujerar, ta ci gaba da karatun ita kaɗai. Da yake babu mai tsayar da ita, cikin 'yan kwanaki kaɗan ta kai ƙarshe. Ashe abin da ya rage ba shi da yawa. Falken ya dawo gida, ya tarar da ɗan da ya bari a ciki yana kiwon awaki a bakin gari. Ta ɗago kai da sauri, har ta buɗe baki za ta ce, "Kawu, ya dawo," sai ta ga katifa a naɗe a kan gado. Littattafan nan hamsin, in ka tambaye ta yau, da ƙyar za ta tuna labarin biyu ko uku.

Ga siraran nan, ki ɗauka, karatu ba ya zama asara. Sai dai kafin ki fara, ki duba lokacin wa za ki ɗauka ki ba su. Hausawa sun ce, garin neman gira akan rasa ido.