Makullin Yana Hannunta

Kaka na tsaye a kan mai gyaran takalma, tana nuna masa inda ya yi mata ha'inci a ɗinki, sai ƙasa ta girgiza. Gilasan shaguna suka zube. Da ta waiwaya, baƙin hayaƙi ya turnuƙe sama daga masana'antar dura gas, wadda katangarta ke manne da bayan layinsu.

Jama'a na gudu suna barin unguwa, ita kuwa ta nufi cikinta, takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya a hannu, gwiwar hagu na ja mata baya. Makullin gida na ƙulle a gefen mayafinta. Ita da kanta ta danna kwaɗo ta waje, kamar kullum, don kada yaran layi su tashi jikanta.

Jikan nan shi kaɗai ya rage mata. Sarkin Barci take ce masa, kuma sunan ya bi shi. Aikin dare yake yi a gidan burodi, ya dawo da safe yana warin hayaƙi, ya zube a katifa kamar buhu. Ko gutsuren burodi bai taɓa shigo mata da shi ba, ta sha gaya masa ta yi asarar miji. In ya kwanta kuwa, ko tsohuwar gangar ruwan nan da kullum take iskewa a jikin katangar baya, ba ta san mai jingina ta can ba, aka buga masa a kunne, ba zai motsa ba.

Kafin ta ja ƙafa ta isa, an tare bakin layi da igiya. Motocin kashe gobara sun jeru, tiyo ya miƙe ko'ina, tukwanen gas na fashewa jefi-jefi a bayan katanga. Ta ɗaga igiyar za ta wuce, wani ɗan kwana-kwana ya sha gabanta: hular kwano, fuska a rufe ruf da abin shaƙar iska, tukunyar iska goye a baya.

“Matsa. Jikana na ciki, a kulle.”

Ya girgiza kai.

“Ba kowa a gidan, Iya,” ya ce. Muryar ta fito kamar daga cikin tulu.

“Ka san gidan ne? Ko kai ka haifa min shi?”

Ya kifa bokiti ya zaunar da ita, ya jawo bulo ya ɗora mata ƙafar hagu. Ta ture bulon.

Ba yau ta fara tsanar kayan nan ba. A cikin irinsu aka kawo mata ɗanta, uban yaron, ba rai. Tun ranar ta rantse jininta ya gama da wannan aiki, kuma ko jiniyarsu ta ji sai ta rufe taga.

Ta miƙa masa makullin, ya ƙi karɓa. Ta kira shugabansu, yana can yana magana da na'ura a baki, ko waiwaye bai yi ba. Wata yarinya mai farar riga ta zo za ta auna mata jini, Kaka ta ce ta je ta auna na uwarta. Wani jami'in masana'anta kuma, tas da shi kamar ango, yana gaya wa masu ɗaukar hoto cewa an kwashe kowa lafiya.

Shekara da shekaru tana faɗa wa masu masana'antar unguwa na warin gas. Ta je ƙofarsu har maigadi ya haddace fuskarta. Suka ce ta rubuto a takarda. Ita da ba ta taɓa riƙe alƙalami ba, hancinta ne takardarta, ga shi yau an karanta.

Iska ta juya. Tartsatsi ya fara sauka a rufin layin, itacen da ke ƙofar tela ya kama. Daga tela sai gidanta.

Kaka ta tashi. Ɗan kwana-kwanan ya sake buɗe hannuwa. Ta ɗaga takalmin da ke hannunta ta sauke masa a hular kwano, ta ƙara, ta ƙara. Ya tsaya ƙyam, kansa a ƙasa.

“Ƙato da kai, an ba ka ruwa da tiyo ka zo kana gadin tsohuwa. Wadda ta raine ka ba ta yi aikin komai ba. In na gan ta sai na gaya mata a idonta.”

Kafaɗunsa suka ɗan girgiza, kamar mai tari ko mai danne dariya. Wannan ya ƙarasa ta. Ta sunkuya ta ƙarƙashin hannunsa, ta kutsa cikin hayaƙin da gudun da ita kanta ba ta san tana da shi ba, tana kiran Sarkin Barci har muryarta ta dushe.

A ƙofar tela ya cim mata. Ya sure ta sama, ta cije shi a safar hannu, ta kama sandar fitila ta ƙanƙame. Zafi na dukan fuskarta, ga kwaɗonta can yana lilo a ƙofa.

“Ko ka buɗe, ko mu ƙone tare da shi,” ta ce. “Ba zan binne na biyu ba.”

Ya dubi wutar, ya dube ta. Sannan ya durƙusa a gabanta, ya kwance hular, ya zare abin da ya rufe masa fuska.

“Kaka,” in ji Sarkin Barci, “babu wani gidan burodi.”