Tsanin Oga

"Wannan walda ce ko majinar jariri?" Oga ya daka tsawa, ya shuri ƙarfen da ƙafa.

Dogo, sabon yaron shago, ya sunkuyar da kai. Waldar kwance ya iya ta. Ta tsaye ce ta gagare shi: da ya ɗora wuta sai narkakken ƙarfe ya riƙa zubowa kamar kyandir.

"Na ce daga ƙasa ake farawa a hau sama. Waldar da aka fara daga sama kwalliya ce kawai, ana taka ta za ta ɓalle. Amma ina! Buhun siminti ya fi ka fahimta."

Sauran yaran suka kwashe da dariya.

Oga ya ɗauki gilashinsa, ya hau sabon tsanin ƙarfe zuwa kan tankin ruwan da suke haɗawa. Sai da ya kai ƙololuwa ya leƙo.

"Wallahi ko kaza ba zan ɗora a kan waldarka ba. Tattara ka koma gida ka taya babarka wanke-wanke."

"Oga," in ji Dogo a hankali, "tsanin nan ni na haɗa shi jiya, da ka fita."

Dariya ta ɗauke.

"Daga ƙasa ka fara?"

"Daga sama."

Matakalar da Oga ke kai ta ce ƙas.

"Dogo, ɗan albarka," in ji Oga, ya ƙanƙame bakin tankin, "zo ka riƙe min tsanin."

Dogo ya rataya jakarsa.

"Yi haƙuri, Oga. Wanke-wanke na jira na."