Harajin Aztek a Samaru

Hafsatu tana tsakiyar cin doya da manja a shagonta na buga takardu a Samaru, Nnenna ta shigo rungume da kundin bincikenta. 'Yar Sabon Gari ce, uwarta tana sayar da kayan abinci a kasuwa. Tsakanin can da nan shagunan buga takardu sun fi talatin, amma ba ta sauka ko'ina ba sai nan.

Aikin digirinta na biyu ne, rabinsa duk zane-zane. Hafsatu ta goge hannu ta fara buɗawa.

"Wannan kuma tarihin ina ne? Kamar littafin 'yan firamare."

"Mutanen Aztek ne, Anti, na ƙasar Meziko," in ji Nnenna. "Zane shi ne rubutunsu. Duk garin da suka ci da yaƙi, sai su zana alamarsa a gefe, su zana harajin da zai kawo: zuma, gashin tsuntsu, mayafai. Tuta ɗaya a kan kaya, ashirin ke nan. Mayafi kuwa har adon jikinsa suke fitarwa."

Kwana uku Hafsatu tana bugawa tana tsaki. Mutum ya noma, matarsa ta saƙa, wani ƙato yana zaune a fada a kai masa! Ita dai ta tsani cin gumin wani, kuma duk layin shagunan an san ta da faɗin haka, ko an tambaye ta ko ba a tambaye ta ba.

Ran Laraba ta iso shafin ƙarshe. Fotokwafi ne dishi-dishi, baƙi da fari. Salon zanen ɗaya ne, amma kayan sun yi mata kama da na gida: doya, jarkoki, kiret ɗin ƙwai, turmin atamfa, ga tutoci reras. A gefe an zana rumfa.

"Wane gari ne wannan?"

"Rumfar Mamana ce."

Nan Nnenna ta kwance mata komai. Zanen nan lissafin kayan da ta kai wa malaminta ne. Shekara huɗu malamin da ke duba aikinta bai taɓa karanta babi ɗaya a banza ba. Ba ya roƙo da baki. Sai ya bar but ɗin motarsa a buɗe, ya ce yana da mitin. In ya fito ya tarar da kaya, babi ya wuce. Yanzu janareta yake jira kafin ya sa hannu, kuma ran Juma'a wa'adin karatunta zai ƙare. In ba sa hannu, shekara huɗun nan sun tafi a iska.

Hafsatu ta ture takardar gefe.

"Tir! Allah wadai! Da wannan ƙazantar yake ciyar da iyalinsa? Ita matar tasa ba ta da ido ne? A kawo miki kaya ki hau ci, ko tambaya babu? Wallahi ita ta fi ba ni ƙyama. Waye shi?"

Nnenna ta sunkuyar da kai tana kallon kwanon da ke kan tebur. "In sunan ya fita kafin kwamitin ladabtarwa na jami'a ya gani, na shiga uku, Anti."

Hafsatu ba ta matsa ba. Ta zauna ta tsara takardar ƙorafi mai zafi, kowane layi kamar mari, ta bar gurbin suna. Ko sisi ba ta karɓa ba. Nnenna ta cike gurbin da biro, ta haɗa da shafin zanen, ta liƙe ambulan. Da ta ga yarinyar tana jan ƙafa, Hafsatu ta fizge ambulan ta kai ofishin kwamitin da hannunta.

Ta so ta ba mijinta Abban Suhail labari da yamma, amma maigidan ya dawo a gajiye da tsarabar abokai kamar kullum, sai zancen ya bi ruwa.

Ran Juma'a da safe Hafsatu ta ci ado ta fito, ranta fes. Nnenna tana jiranta a bakin shago. Kwamiti ya dakatar da malamin, an ba wani aikinta ya duba, sai dai suna son zanen na asali, mai kala.

"Alhamdu lillahi! Kawo in yi miki sikanin," in ji Hafsatu.

Ta shimfiɗa takardar a kan injin. Manjan ja, doyar ruwan ƙasa. Yarinyar ta bi ƙa'idar mutanen Aztek, ta fitar da adon atamfar tsaf: shuɗiya ce, da 'yan makullai ruwan ɗorawa.

Hafsatu ta daɗe tana kallon zanen. Sannan ta sauke ido a hankali kan shuɗiyar atamfar da ke jikinta, mai 'yan makullai ruwan ɗorawa, wadda Abban Suhail ya fito mata da ita daga but ɗin motarsa ana jibi Sallah.