Zuga-zugin Maƙerin Kwaɗo

Wani mai gyaran kwamfuta ya zo wa wani dattijo, wanda yanzu ƙasa ta rufe masa ido, da labarin wasu mutane da suka gina manhaja mai tsare kwamfuta daga masu kutse. Sun bar ta kyauta, kowa na iya duba cikinta. Sojoji suka riƙa ɗaukar nauyin aikin, sannan rana ɗaya suka janye hannu. Ya ce, "Baba, laifin wa ke nan?" Dattijon ya ce ya gyara zama, ya kawo masa misali.

A wani gari an yi wani maƙeri da ba ya ƙera komai sai kwaɗon kulle ƙofa. Sauran maƙera suna ɓoye sirrin aikinsu, shi kuwa ƙyauren maƙerarsa ma cire shi ya yi ya jingine. Duk kwaɗon da ya gama sai ya buɗe cikinsa ya ɗora a kan uwar maƙera, kowa ya zo ya leƙa, har ɓarawo in ya ga dama. Yakan ce kwaɗon da idanu da yawa suka duba ba shi da inda zai ɓoye rauni. Kowace shekara bayan kaka maƙeran garuruwa sukan taru wurinsa gayya, kowa ya gwada fasa kwaɗon ɗan'uwansa, inda ya fasu a taru a toshe.

Labarinsa ya kai bariki. Sojoji na neman kwaɗon da zai riƙe musu ma'ajiyar makamai, sai suka aiko masa da ƙarfe da buhunan gawayi da injin hura wuta. Ba su ce ya mayar da ƙyaure ba, ba su ce ya daina yi wa talaka ba. Ya karɓa, don kafaɗa ta fara gajiya, gawayi kuma ya yi wuya. Wuta ta yi ƙarfi, aiki ya yi sauri, har tsohuwa mai rumbu ɗaya ta sami kwaɗo irin na bariki. Tsofaffin zuga-zuginsa na fatar akuya, waɗanda ƙanensa ya ɗinka masa da hannunsa, ya jefa su bayan ɗaki ya manta.

Ana nan, wata ranar kasuwa sojoji suka biyo 'yan fashi, harsashi ya ɓata hanya ya sami ƙanen nan yana tsugune yana auna gero. A zaman makoki maƙerin, kansa a sunkuye, ya ce abu ɗaya ne ke sanyaya masa zuciya: duk ƙarfen da ya zama kwaɗo a hannunsa ya tsira daga zama harsashi. Ba don zagi ya faɗa ba, zafin rashi ne. Amma maganar ta yi ƙafa, ta shiga bariki. Gayya ta matso, baƙi sun riga sun kamo hanya, sai ga mota a ƙofar maƙera. Sajan ɗin da aka aiko ya kasa haɗa ido da shi. "Baba, ka yi haƙuri, daga sama ne." Suka kwance injin, suka kwashe gawayin, har buhun da aka fara taɓawa.

Ya zauna gaban murhu mai sanyi. Ba injin ne ya dame shi ba, abin da zai ce wa mutanen da suka baro gidajensu dominsa ne. Sai matarsa ta fito daga ɗakin girki da wani abu baƙi ƙirin da hayaƙi. Ashe tun ranar da ya yar da zuga-zugin ta ɗauke su ta rataye, tana shafa musu man kaɗanya. Ta ce, "Kai ka yar, ni ban yar ba. Tashi, maigida, baƙi ba za su zo su tarar da toka ba." Ya shafa ɗinkin da yatsa, ya gane hannun ƙanensa a jikin zaren.

Baƙin sun ji labari tun a hanya. Wannan ya iso da ƙullin gawayi, wancan da karyayyiyar garma. Aka hura wuta, fatar akuya tana numfashi a hankali kamar mai barci. Kwaɗon bana bai kai na bara yawa ba, amma an ƙera, an gwada fasawa, an toshe. Ƙyaure kuma yana nan a jingine. Daga baya ma bariki ya turo mutum ya leƙa cikin sabon kwaɗon, ba wanda ya kore shi.

Dattijon ya ce shi bai ga laifin maƙerin da ya karɓa ba, mai kaya kuma ba a hana shi ɗaukar kayansa. Abin da ya kusa kashe wutar shi ne yar da na hannu. Shi ya sa Hausawa suka ce, guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.